Farantin da Ya Kwana Uku a Ɗakinmu

Na sha neman gafarar Allah a kan laifukan da ba zan rubuta su a nan ba. Amma akwai wani ƙarami da ke dawo mini duk shekara idan azumi ya kama, da zarar na ji ƙamshin albasa a cikin mai. Laifi ne na faranti ɗaya da ƙullu rabin kwano. Mai ɗakina ta ce in dai zan ba da labarin, in ba da shi duka, kada in tsallake wajen kanwa. To, ba zan tsallake ba.

Lokacin muna zaune a Makka, a shekarun da ake ta rushe tsofaffin gidaje ana faɗaɗa Harami. Na kama hayar ɗaki ɗaya a ƙasan wani tsohon bene na dutse a gefen unguwar Misfala, da ɗan tsakar gida da bai wuce shimfiɗar tabarma uku ba. Sana'ata tsire. In aikin Hajji ya zo in tafi Mina in yi dako, in an watse in dawo kan tukubata. Na zaɓi gidan ne don yana kusa da inda nake kafa tukuba, ban duba cewa ya yi nisa da unguwar da 'yan'uwanmu Hausawa suka fi yawa ba. Ni ban ji nisan ba, don ina da ɗan Larabcina na kasuwa, ina da abokan hira. Wadda ta ji shi ita ce mai ɗakina.

Na riga ta zuwa da shekara huɗu. Ita ta biyo ayarin yayanta ta Cadi da Sudan, ta iso wata biyar kafin azumin da nake magana. Larabcinta bai wuce na salla ba. Wata rana ta ce mini, "Malam, yau kwana tara rabona da in yi magana da mace." Na ce ta yi haƙuri, zama a Makka ai lada ne. Iyakar abin da na ce ke nan, na juya na ci gaba da soke nama.

A saman benen akwai wasu tsofaffi biyu Indiyawa, mata da miji, sun daɗe a garin har 'ya'yansu sun yi aure sun watse. Tsohon yana sayar da turare da carbi a wata 'yar rumfa. Muna gaisawa a ƙofa, ina ce masa Ammi, wato Baffa, yana ce mini Hajji, kamar yadda ake ce wa kowa a garin da har jakin mai ruwa ya je Arfa. Matarsa kuwa ba mu taɓa ganin ta ba. Tagarta irin ta katakon nan ce mai ƙananan huji, na ciki yana ganin na waje, na waje ba ya ganin na ciki, kuma daidai kan tsakar gidanmu take. Da ina da hankali da na riƙa tunawa da wannan taga.

Ran uku ga azumi, saura kaɗan a buga igwar shan ruwa, sai ga kwando yana saukowa daga tagar da igiya, a hankali, har ya tsaya daidai kan mai ɗakina. A ciki akwai farantin tangaran fari mai furanni shuɗi a baki, an rufe shi da ƙyalle. Ta ɗaga kai ta ce, "Na gode, Inna, Allah ya saka," da Hausa, da ƙarfi, kamar tsohuwar 'yar Katsina ce. Rabon da in ga ta yi irin wannan fara'a tun ranar da na tarye ta a Jidda.

Da igwa ta tashi muka ci dabino muka sha zamzam, sai muka buɗe. Wasu 'yan soye ne masu launin zinariya, babu biyu da suka yi kama da juna, kowanne da gashin albasa ya fito masa ta gefe. In ka ciza sai ya yi ƙaras, ciki kuma ga ganye, ga dankalin Turawa siriri kamar takarda, ga ɗan yaji da ke zuwa daga baya. Na san sunansa don ina gani a kasuwa: bakora. Na ci takwas, ta ci huɗu.

Al'adar garin ita ce faranti ba ya komawa gidansu ba komai a ciki, kuma ba ya daɗewa. Yau ya zo, gobe ya koma. In ya wuce haka, to ko dai an raina kyautar ne, ko ba a son zumuncin. Ita ma ta san wannan, don a gida ma haka ne.

Ta ce, "Bari in jiƙa wake da sahur. Gobe in yi mata ƙosai."

A nan ne shaiɗan, da aka ce an ɗaure shi a watan, ya bar mini aikinsa in ƙarasa masa. Ita wannan mata 'yar mai ƙosai ce, jikar mai ƙosai. A garinmu mutane kan wuce kasko uku su zo na uwarta. Amma ni shekara huɗu ina jin ana ce mini Takari a kasuwa, sunan rainin da ake kiran mutanenmu da shi, har na fara jin kunyar abin da na tashi da shi. Sai na ce, "Mutanen da ke zuba kayan ƙamshi kala goma a tukunya ɗaya, su za ki aika wa wake da gishiri? Irin nasu za mu yi musu, wanda ya fi nasu, su san ba daga daji muka fito ba."

"Ai ita ma nata ta aiko, Malam, ba namu ba."

"Mene ne a ciki? Ƙosai ne da aka cusa wa ganye."

"To in hau in tambaye ta yadda ake yi? Ko da hannu ne ma gane juna."

Hanya ce ta nema ta hawa benen nan, ni kuma na toshe. Na ce ba mai hawa. Mutumin da ke wasa da wuta kullum ba zai je koyon suya wajen tsohuwa ba.

Ta ce, "Allah ya ba Sarkin Wuta sa'a."

Da azumi sai bayan asham nake kafa tukuba, saboda haka wuni nake a gida, ba aikin fari ba na baƙi. Washegari na je na sayo hummus, wani wake ne gewayayye kamar gurjiya, don na ji an ce da shi ake yi. Na sa ta jiƙa, ta surfe, ta niƙa a dutse, ta buga ƙullun da muciya har kafaɗarta ta ƙage, yadda ake yi wa ƙosai. Na yanka albasa da alayyafo na antaya. Na kunna risho, na ɗora kasko. Duk wanda na saka a mai sai ya tsaya kamar zai yi abin kirki, can kuma ya watse, kowa ya kama gabansa. Abin da muka tsame tsaki ne, irin wanda ake watsa wa kaji.

Ana cikin haka kwando ya sauko ba komai a ciki. Ya tsaya yana lilo a kanmu kamar minti biyar. Mai ɗakina ta shige ɗaki ta saki labule. Ni na yi kamar ina gyara lagwanin risho har aka janye shi.

Da muka sha ruwa ta ce, "Malam, wake yana nan. Rabin sa'a ya ishe ni."

Na ce, "Gobe."

Rana ta biyu na gano cewa ba jiƙa shi ake yi ba, garinsa ake sayarwa. Ban tambayi kowa kai tsaye ba. Zagaye na yi ta yi wa mai kanti da zance, kamar mai neman aure, har ya faɗa da kansa. Na dawo ina taƙama. Na dama garin da ruwa mai yawa, na buga shi da kaina, na yanka dankali ƙulu-ƙulu irin na miya, na bar mai ya yi zafi har yana hayaƙi. Da na saka na farko mai ya yi tsalle ya same ni a bayan hannun dama, wajen ya tashi nan take. Waɗanda suka tsira kuwa, waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye shar. Kwando ya sake saukowa, ya yi lilonsa, ya koma.

Ta shafa mini man shanu a ƙunar, ta ɗaure da tsumma, ta ce, "Daga yau hannuna ba ya ciki. Amma ka sani, in matar nan ta daina sauko da kwando, ba ni da kowa a gidan nan sai kai da risho."

Na ji maganar, ta kuma shige ni. Amma girman kai rawanin tsiya ne, in ka naɗa shi warwarewa sai da shaida.

Rana ta uku na shirya sosai. Na yanka komai siriri. Na sayo kurkum don ya ba ni launin zinariyar nan, na zuba cokali biyu cike. Na soya ɗaya na gwaji, ya fito a dunƙule, amma da nauyi kamar dutsen jifa. Sai na zauna ina tunani irin na masu ilimi: me ke sa abu ya yi laushi ya tashi a wajenmu? Kanwa. Tana da 'yar kanwa ungurnu da ta ƙullo a tsumma tun daga gida, ta ratso da ita ƙasa uku, tana gutsura kaɗan-kaɗan saboda miyar kuka. Na faki idonta tana sallar la'asar, na gutsuri kusan rabi, na jiƙa, na tsiyaye ruwan a ƙullu.

Ina juyawa ƙullun ya fara sauya kama. Daga rawaya ya koma ruwan goro, daga nan ya koma ja kamar an kwaɓa lalle. Ashe kurkum da kanwa ba sa ga maciji, ni ban sani ba. Mai hankali da ya tsaya a nan. Ni sai na ce a raina ai nasu ma bai kai wannan kyau ba.

Ga shi ina azumi, ba halin ɗanɗanawa. Na soya, suka fito jajaye, sun kumbura sumul. Na jera goma sha biyu a farantin tangaran, na rufe da ƙyallensu. Kwando na saukowa na saka, na ja igiyar sau biyu, ya tafi. Mai ɗakina tana bakin ƙofa da carbi a hannu, ta bi shi da kallo kamar an ɗauki gawa.

Igwa ta tashi. Na kai guda baki. Wanda bai taɓa cin sabulu da yaji ba ba zai gane ba, kuma ba na yi masa fatan ya gane. Na haɗiye don kada ta gani. Ita ta ɗan gutsura, ta tauna, ta dube ni.

"Kanwata ce wannan?"

Na ce kaɗan na ɗiba.

Ta tashi ta zubo mana kunu.

Duk wannan wauta ce, wauta kuma ana dariyarta a wuce. Laifin yana gaba. Da na fito zan tafi masallaci na ci karo da tsohon a ƙofa, yana ta tsotsar haƙori. Ya riƙe hannuna ya ce, "Hajji, mun ga saƙo, Allah ya yi albarka. Wa ya soya?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Iyali ce, Ammi. Ba ta daɗe da zuwa ba, tana koyo. A yi mata haƙuri."

Ya jinjina kai ya ce, "Miskina." Muka jera muka tafi salla, na tsaya a sahu da wannan a cikina.

Washegari bayan azahar muka ji takun sauka a matakala, ɗaya bayan ɗaya, da nishi. Aka yi sallama. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haifi kamata, lulluɓe da farin mayafi, ta rungumo kwano da farantin tangaran nan da ƙullin gari da albasa a zani. Mai ɗakina ta rasa inda za ta sa kanta. Ta shimfiɗa tabarma, ta janye, ta shimfiɗa darduma. Na zari takalmi zan fice, tsohuwar ta ce da Larabcinta mai karyewa, "Tsaya, ya waladi. Kai ne bakinmu. Zauna can bakin ƙofa ka faɗa mata abin da na ce, kada ka rage."

Na zauna.

"Ka ce mata, mijina ya ce kai ka ce ita ta soya abin jiya."

Na juya na ce da Hausa, "Tana gaishe ki da azumi."

Mai ɗakina ta ce, "Duk wannan doguwar magana gaisuwa ce?"

Tsohuwar ba ta jin Hausa, amma ta haifi 'ya'ya maza. Ta dube ni, ta nuna tsumman da ke hannuna, ta nuna risho, sannan ta ɗaga yatsa ta nuna tagarta, ta ware yatsu uku. Kwana uku tana zaune a bayan katakon nan tana kallon Sarkin Wuta. Ta ga tsakin kaji, ta ga tsallen mai, ta ga ina satar kanwa ina waiwaye.

Babu sauran wurin ɓuya. Na sunkuyar da kai na faɗa wa mai ɗakina da Hausa abin da na gaya wa tsohon a ƙofa, kalma da kalma. Sannan na juya na faɗa wa tsohuwar da Larabci cewa ƙarya na yi, matata ba ta taɓa ƙullun jiya ba, tun ranar farko ƙosai ta so aikawa na hana. Ban taɓa sanin tuba da harshe biyu ya fi na harshe ɗaya zafi ba sai ranar.

Mai ɗakina ta dube ni. Idonta ya ciko, amma ba ta bari ya zubo ba. Can ta ce, "Ni ce ban iya suya ba, Malam? Ni?"

Na ce, "Ki yafe mini."

"Kanwar na yafe. Wannan sai na yi shawara."

Tsohuwar ta tambayi me ta ce, na fassara mata daidai, ta yi dariya har mayafinta ya zame. Ta ce, "Tayyib. Ba shi wuƙa."

Aka tura mini albasa shida. Ina yanka ina hawaye, wanda ya dace da ni, su kuma suka juya mini baya. Daga nan ba su ƙara neman tafinta ba. Ina leƙe ta gefen ido. Tsohuwar ta zuba albasar a kwano da alayyafo da wani ganye mai ƙamshi da suke kira kuzbara da ɗanyen barkono da dankali siriri, ta barbaɗa gishiri, ta murza da hannu, ta ajiye. Bayan ɗan lokaci kayan suka fito da ruwansu da kansu. Sai ta riƙa barbaɗa garin hummus a kai, da ɗan kurkum a bakin cokali da wani kayan ƙamshi wai shi kamun, tana cakuɗawa da yatsu kawai. Ruwan da ta ƙara bai cika tafin hannu ba. Mai ɗakina ta miƙa mata muciya, ta ture ta. Ashe shi ba a bugunsa. Ƙosai sai ka wahalar da shi yake tashi, wannan kuwa ganye ne aka ɗan yafa wa gari, ba ƙullu ne aka cusa wa ganye ba. Na yi kwana uku ina dukan abin da lallashi yake so.

Ta ɗebi cokali ɗaya na mai mai zafi ta zuba a cikin kwaɓin, ta rage wutar risho, ta fara tsinkawa da yatsu tana sakawa. Ta saka huɗu, mai ɗakina ta karɓa. Na biyar ɗinta ya fi na tsohuwar kyau, ba don matata ce ba. Tsohuwar ta kama hannun ta juya shi tana dubawa, ta ce wani abu da yarensu wanda ni ma ban ji ba, ita kuwa ta gane, don murmushi ta yi.

Sai mai ɗakina ta tashi ta jawo wani kwano daga ƙarƙashin gado. Ashe tun sahur ta jiƙa wakenta ta surfe, ta niƙa ina barcin hantsi, ta yi niyyar ko na yarda ko ban yarda ba ranar sai ƙosai ya hau bene. Ta buga shi a gaban tsohuwar har ya yi fari ya tashi, ta jefa gishiri a ƙarshe, ta riƙa sakawa da ludayi. Suka taso saman mai suna juyawa da kansu, kowanne kamar ɗan'uwansa. Tsohuwar ta matso da kujera har sai da aka ja mata mayafi kada ya kama wuta.

Ranar farantin tangaran ya hau bene da ƙosai, a hannun mai ɗakina, don ita ta raka tsohuwar. Ba ta sauko ba sai da igwa ta tashi. Na sha ruwa ni kaɗai da bakora biyu da suka bar mini a murfin tukunya, ƙanana, waɗanda suka ɗan ƙone.

Da na haɗu da tsohon a ƙofa na fara yi masa bayani, ya ɗaga hannu ya ce, "Na sani tun jiya, Hajji. Ita ta ce in tambaye ka, mu ji me za ka ce." Sannan ya ce, "Amma ka gaya mini tsakani da Allah, me ka zuba? Na ba kyanwa ta ƙi."

Shekara shida muka yi a gidan kafin rusau ya iso unguwar. A bene mai ɗakina ta koyi Larabcinta, shi ya sa har yau in ta yi shi sai a ji kamar Ba'indiya ce ke ciniki. Tsohuwar kuma ta rasu tana cewa "sannu" da "madalla" da "kai, Malam!", wannan na ƙarshen da irin muryar da aka koya mata.

Shawarar da mai ɗakina ta ce za ta yi, ban san ko ta gama ba. Na tambaye ta a azumin bara, ina yanka mata albasar bakora kamar yadda nake yi kowace shekara tun daga ranar. Ta leƙa kwanon ta ce tana nan tana dubawa, ni dai in ƙara siranta yankan, kuma ta sa an ɗauke kanwa daga inda hannuna zai kai.